Marurun hammata da matsematsi mai tafiya ya dawo, da warin da yake jawowa: yadda ake lallaɓa shi

Akwai maruru akwai maruru. Wanda kowa ya sani shi ne ya fito, ya nuna, ya fashe, ka sha wahalar 'yan kwanaki shikenan kun rabu. Amma akwai wani da ba ya tafiya, yau yana hammatar dama, kafin ya gama warkewa wani ya ɓullo a ta hagu, ko matsematsi, ko ƙarƙashin nono, ko tsakanin ɗuwawu, kuma abin haushin kusan wuri ɗaya yake ta dawowa, ya bar baƙin tabo mai tauri, wani lokacin ma ya bar 'yar ƙofa ruwa na ta tsattsafowa yana ɓata riga. Ga azaba ga wari, mutum ya yi wanka sau uku a rana ya zazzaga turare amma yana shiga cikin mutane hankalinsa na kan hammatarsa, ko hannu ba ya iya ɗagawa a Keke Napep.

In wannan bayanin ya yi kama da naka toh ka ɗauki biro ka rubuta wannan sunan, hidradenitis suppurativa, likitoci na taƙaita shi su ce HS. Ba sabon ciwo ba ne, tun 1839 wani likitan Faransa mai suna Velpeau ya yi bayaninsa, amma har yau ko a Turai bincike ya nuna mutum kan yi wajen shekara 7 yana yawo kafin a gane abin da ke damunsa, balle mu nan da kowane ƙurji a kemis ake gama shari'arsa. Ƙa'idar gane shi ba wuya, irin wannan marurun mai zurfi, a irin waɗannan wuraren da fata ke gogar fata, kuma ya dawo aƙalla sau 2 cikin wata 6. Yawanci bayan balaga yake farawa. A Turai da Amurka mata sun fi maza samunsa, a Amurkan ma an gano baƙar fata sun ninka farare wajen sau 3, sannan kusan mutum ɗaya cikin uku masu ciwon in ya bincika zai tarar akwai mai irinsa a dangi, kawai dai ba a faɗa ne saboda wurin da yake fitowa.

Abin da nake so ya fara zama a ranka shi ne ba ƙazanta ce ta kawo shi ba. Wallahi masu wannan lalurar sun fi yawancin mutane wanka. Ba ciwon sanyi ba ne, ba a ɗauka wajen kwanciya, ba a shafa wa miji ko mata ko yaro, kuma ba jifa ba ne. Ramin da gashi ke fitowa ne yake toshewa, ya kumbura ya fashe ta ciki, sai garkuwar jiki ta taso ma wurin da faɗa fiye da kima, wannan faɗan shi ne kumburin da mugunyar. In abin ya daɗe sai marurun nan da na kusa da shi su haɗe ta ƙarƙashin fata su yi hanya kamar yadda gara ke yi a jikin katanga, ka danna nan ruwa ya fito can. Wani likita Hurley ya kasa ciwon mataki 3 a 1989, na farko maruru ne kawai ba hanya ba tabo, na biyu an fara samun hanyoyi da tabo amma a rarrabe, na uku duk wurin ya haɗe. Duk ƙoƙarin da za ka yi shi ne kar a bar na farko ya kai na uku, don tabon da ya riga ya zauna ƙwaya ba ta goge shi.

Amma kar ka yanke wa kanka hukunci daga karanta wannan. A wajenmu akwai abubuwan da ke kama da shi da dole a cire su tukunna. Ciwon suga na sa maruru ya yi ta fitowa. Tibi ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, yana kama kaluluwar wuya da ta hammata ta fashe ta yi ta zubar da ruwa. Ƙanjamau ma na kawo ƙuraje masu naci. Gwajin suga da na ƙanjamau ba su da tsada, na tibi kuwa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ka yi su hankalinka ya kwanta.

Yanzu abubuwan da za ka daina, don sau da yawa dainawar ma kaɗai tana rage wahalar.

Dirza da soso. Mutum na jin wari sai ya ɗauka datti ne, ya samu soson buhu ko na raga ya yi ta gurzar hammata har ta yi zafi, toh wannan gurzar ita ke ƙara fusata ramukan gashin, gobe sabon ƙurji ya fito. Wurin da ciwon yake da tafin hannu ake wanke shi. Haka dilka da halawa, amare ku ji da kyau, a yi miki a hannu da ƙafa ba laifi amma ki ce wa mai gyaran jiki ta tsallake hammata da matsematsi, halawa tumɓuke gashi take daga tushe, tana iya tayar da shi. Tsugunon turaren wuta ma a haƙura da shi in akwai ciwo a buɗe.

Matsewa da tsagawa. Na san in ya cika ya yi tauri ji kake kamar ka sa reza, kuma in wanzami ya tsaga ana samun sauƙi nan take, ba musu. Amma matsawa na fasa shi ta ciki ya bazu, tsagawa kuma ko a asibiti aka yi kusan kullum sai ya dawo, an zubar da ruwan ne kawai gidan na nan. In har ya kai ba ka iya bacci dole sai an huda toh a yi a asibiti da kaya masu tsafta, aska ɗaya da ta taɓa jinin wani ta isa ta haɗa ka da ciwon hanta, ka je neman sauƙin maruru ka dawo da abin da ya fi shi.

Sai kafso. Kowa ya fito da maruru sai a ce ya sha Ampiclox, a sha na kwana uku a bari, wata mai zuwa a sake. Tunda asalin ciwon ba ƙwayar cuta ce daga waje ba, wannan shan ba ya hana shi dawowa, illa dai ya koya wa ƙwayoyin cutar jikinka taurin kai, ranar da kake buƙatar maganin da gaske ya ƙi aiki. Su kuma mayukan nan na haɗi irin su Funbact-A da Skineal da man bilicin da ake haɗawa a kasuwa, akwai sinadarin sitiroyid a cikinsu, kwanakin farko za ka ga kumburi ya lafa ka ce ka samu magani, amma hammata da matsematsi fatarsu siririya ce tana zuƙar maganin sosai, in aka daɗe sai ta ƙara sirancewa ta yi nankarwa, ciwo ya ƙi haɗewa, ga ƙaiƙayin gwaiwa da makero su samu wurin zama. Lemon tsami, kanwa, toka, man goge baki, tafarnuwa, Dettol ko Izal tsura ba a sirka ba, duk waɗannan ƙona fata suke, kar ka bari wani ya ce ma ai zafin alamar yana aiki ne.

Toh me za a yi? Wanka sau biyu a rana ya isa, in lokacin zafi ne irin na Maris zuwa Mayu da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40 ka iya ƙara watsa ruwa da rana ba sai da sabulu ba. Sabulu mara ƙamshi mai laushi. A wuraren ciwon likitocin fata kan ba da ruwan wanki mai sinadarin kulohekzidin kashi 4 cikin ɗari, irin su Hibiscrub, ka shafa da hannu ka bar shi kamar minti ɗaya ka ɗauraye, kar ya shiga ido ko kunne ko cikin gaba. Akwai kuma mai benzoyil feroksaid irin na masu ƙurajen fuska, shi ma yana yi, sai dai yana cin launin tawul da riga, ka ware masa farin tawul. In ka ga wurin na bushewa yana tsatstsagewa ka koma sau biyu ko uku a sati. Bayan wanka kar ka goge, dannawa za ka yi da tawul, sannan ka tsaya gaban fanka ko ka yi fifita har wurin ya bushe ƙarau kafin ka sa kaya, mutane na raina wannan amma danshin da ake rufewa da riga yana ƙara warin.

Gashi kuma, na san ana so kar a wuce kwana 40 ba a cire ba. Reza ce matsalar, tana yanka kan ƙurajen ta bar ƙananan raunuka. Ka sa almakashi ko kilifa taka ta kanka ka rage shi ya yi ƙasa sosai, in wurin ya tashi ka jira ya lafa.

Yanzu maganar wari, wadda na san ita ta fi ci wa mutane rai fiye da ciwon ma. Wari biyu ne a nan kuma kowanne da hanyarsa, in ka haɗa su ka yi musu magani ɗaya za ka yi ta asarar kuɗin turare.

Na farko warin hammata ne irin na kowa. Gumi shi kansa ba ya wari, ƙwayoyin halittar da ke zaune a fatar hammata ne ke cin gumin mai maiƙo da ke fita a wurin su sake shi da wari. Don haka ko dai ka rage gumin ko ka rage su. Wankin da na faɗa a sama na rage su. Rage gumi kuma sai ka duba jikin rol-on ɗin da kake saya, in an rubuta antiperspirant, ko anti-transpirant ga 'yan Nijar da Kamaru da Chadi, shi ne mai tsayar da gumi, wanda aka rubuta deodorant kaɗai ƙamshi ne da ɗan kashe ƙwayoyi. Mai tsayar da gumin da daddare ake shafa shi a busasshiyar fata lokacin da jiki ba ya zufa sosai, ya kwana ya kama, wankan safe ba ya cire aikinsa. Sharaɗin dai fatar ta kasance lafiya lau, ba a sa shi kan ciwo ko wurin da aka yi aski yanzu, kuma in ka lura duk sanda ka shafa sai ƙurji ya taso toh jikinka bai karɓa ba, ka bari. Bodi sifire mai giya a ciki kan buɗaɗɗen ciwo kuwa kuka za ka yi. Alimun da iyayenmu ke jiƙawa su shafa yana da tushe, danginsu ɗaya da abin da ke cikin rol-on ɗin, shi ma dai a lafiyayyar fata kawai.

Na biyu shi ne warin ruwan da ke fita daga ciwon, wannan mai nauyin da ke kama ɗaki. Shi ba ruwansa da gumi, ƙwayoyin cutar da ba sa son iska ne ke zama cikin hanyoyin nan na ƙarƙashin fata. Rol-on ba ya taɓa shi, turare kuma in ya haɗu da shi wani abu daban suke haifarwa wanda ya fi na farko muni. Maganinsa kar ruwan ya taɓa kaya kuma kar ya daɗe a jiki. Ka tafasa ruwa a tukunya, yawansa daidai na leda ɗaya ta fiya wata, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ya huce, da shi za ka riƙa wanke bakin ciwon safe da yamma. Ka shafa basilin kaɗan a jikin bandeji mai raga don kar ya manne, ka ɗora, sannan ka sa abin da zai tsotse ruwan a sama. Bandejin asibiti kullum kullum aljihu ba zai ɗauka ba, shi ya sa masu ciwon da yawa har a ƙasashen Turawa audugar mata suke amfani da ita, ƙaramar nan siririya, a manna ta a jikin riga ko wando ta ciki daidai wurin, tana tsotsewa kuma ba ta zubarwa. Maza kar ku ji kunya, ba wanda zai gani, ka sa a sayo ma mara ƙamshi. In ita ma ta yi tsada ka yayyanka tsohuwar farar singileti ta auduga, a tafasa a shanya a rana a goge da dutsen guga, ka riƙa canzawa. Filasta kullum a wuri ɗaya na saɓule fata, gara ka sa riga 'yar ciki mai hannu da ta ɗan kama jiki ta riƙe ma bandejin. Da ya jiƙe a canza, kar a ce sai dare. In za ka cire ya manne ka jiƙa shi da ruwan gishirin tukunna. In duk da haka warin ya ƙi, ka faɗa wa likita kai tsaye, akwai maganin Flagyl na shafawa da ake sa wa ciwo mai wari kuma yana aiki sosai, amma shi zai ce ma yadda za ka yi.

Kaya ma suna da nasu laifin. Wani lokacin jikin ya fita tas, rigar ce ta riƙe warin, kana sawa jiki ya ɗumama ta sai ya taso. Yadin roba ya fi kowanne wannan halin, jesin ƙwallo, hijabin roba, shimi da wandon ciki masu santsi, leshi mai kaushi da ke gurzar hammata. Abin da zai taɓa fatar ya zama auduga, sakakke, ko da za ka ɗora shaddarka a sama. Singileti da ɗan kamfai ba a maimaita su, a jiƙa su da omo daban kafin a wanke, a juya cikinsu waje a shanya a rana sosai ba a ɗaki ba, a goge hammatar rigar da dutsen guga mai zafi. Rigar da ka wanke sau biyu tana nan da warinta ka haƙura da ita. Mata, bireziya mai ƙarfe da mai siririn roba a ƙasa tana zama daidai inda ciwon ke fitowa, ki nemi mai faɗin ƙasa mara ƙarfe, wandon ciki ma mai ƙafa irin na maza ya fi wanda robarsa ke yanka matsematsi. Humra da turaren wuta ba wanda ya hana ki, a turara kaya a kabbasa, a shafa humra a wuya da gefen zani, kawai dai kar ta je kan ciwon.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, hulba na fita a gumi. Masu shanta don ƙiba ko gyaran jiki ku lura, ƙamshinta na kama hammata da kaya har da fitsari. Tafarnuwa da ɗanyar albasa ma haka. Ba cewa na yi a daina ba, amma in kana da taro gobe ka san abin da za ka ci yau.

Sannan hanci na sabawa da warin mai shi, wani yana yi bai sani ba, wani kuma ba ya yi amma tsoro ya hana shi sakat, ko mutum ya sosa hanci a kusa da shi sai ya ce da ni yake. Ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi, mata ko miji ko 'yar uwa ko amini, ku yi alkawari zai faɗa ma gaskiya in ka tambaya. In ya ce babu toh babu, ka shiga mutane. Ka riƙa yawo da 'yar leda a jaka ko a but ɗin mashin, bandeji biyu, audugar, singileti ɗaya, ledar zuba wanda ka cire.

Ranar da ya taso da zafi, tsumma mai tsafta a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, a ɗora minti 10 zuwa 15 sau uku ko huɗu a rana, yana rage zafi kuma yana taimaka masa ya buɗe da kansa. Farasitamol, ko ibufurofen in ba ka da olsa ko ciwon ƙoda kuma ba juna biyu, bayan an ci abinci. Taramol kam a'a, ciwon da zai yi shekaru yana dawowa in ka fara masa taramol ka san inda za a ƙare. In zazzaɓi ya shigo, ko sanyi na kaɗa ka, ko kumburin na yaɗuwa wurin ya yi zafi rau, musamman mai suga, wannan ba na gida ba ne, asibiti a ranar.

Abu biyu ne bincike ya fi tabbatar da alaƙarsu da ciwon, taba da ƙiba. Mafi yawan masu shi a binciken Turai mashaya sigari ne, kuma shisha ma taba ce duk ƙamshin tuffar da aka sa mata. Ƙiba na ƙara gogayya da gumi da kumburin jiki, rage ko kaɗan ne yana taimakawa, ka fara da lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu. Amma siraran da ba su taɓa shan taba ba ma suna samunsa, don haka kar wani ya ɗora ma laifi. Maganar daina madara ko burodi mai yis da ake yaɗawa a intanet hujjarta ba ta da ƙarfi, in ka lura wani abinci na tayar ma ka bar shi, amma kar ka hana kanka komai da komai. Mata da yawa na ganin yana tasowa 'yan kwanaki kafin al'ada, ki riƙa rubutawa, yana da amfani wajen likita. Masu acaɓa da direbobin doguwar tafiya da teloli, zama kan kujerar roba cikin zafi na tayar da na ɗuwawu da matsematsi, a shimfiɗa tawul a riƙa miƙewa.

Wajen likita kuma, likitan fata za ka nema, an fi samunsu a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato, na Maiduguri, ko babban asibitin ƙasa a Yamai. Layi na da tsawo kuma ciwon na da wayo, ranar da aka ba ka sai ka ga ya lafa. Don haka duk sanda ya taso ka ɗauki hoto a waya da kwanan wata, ka tafi da kwalayen duk abin da ka sha ko ka shafa, har na gargajiya, kuma ka nuna duk wuraren, kar ka nuna hammata ka ɓoye matsematsi, mace na da damar ta ce a sa ma'aikaciya mace a ɗakin. Ka faɗi sau nawa ya fito cikin wata 6, ka ambaci sunan da ka rubuta ka tambaya ko shi ne.

In mai sauƙi ne akan fara da kilindamaisin na shafawa sau biyu a rana na wata 3. In ya fi haka sai doksisaikilin na sha, shi ma wajen sati 12, kuma ana ba da shi ne don yana kwantar da kumburi, shi ya sa ake daɗewa, kar ka sha na sati biyu ka ce bai yi ba. Da ruwa cikakken kofi ake haɗiye shi kuma ba a kwanciya sai bayan rabin awa, in ba haka ba ya tsaya a maƙoshi ya ƙona, masu sha da sahur su koma bacci ku kiyaye. A raba shi da fura da nono da maganin ƙarin jini da maganin olsa na ruwa da kamar awa 2, kuma mai juna biyu ba ta sha. Gaba da shi akwai haɗin kilindamaisin da rifamfisin na sati 10 zuwa 12, rifamfisin maganin tibi ne don haka sai an tabbatar ba ka da tibi, yana mayar da fitsari ja-ja, kuma yana kashe ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, ki faɗa wa likita in kina amfani da su. Gudawa mai tsanani in ta zo a tsayar a koma asibiti. Wasu matan ana haɗa musu da metfomin, maganin sugan nan, musamman masu ƙiba ko rikicewar al'ada. Ƙurji ɗaya mai azaba likita na iya yi masa allura a cikinsa ya sace cikin kwana kaɗan. Masu tsanani akwai allurai na zamani, Humira da Amurka ta amince da ita don wannan ciwon a 2015, da Cosentyx a 2023, suna da tsada ƙwarai kuma sai an gwada tibi da ciwon hanta kafin a fara. Inda hanyoyi suka riga suka kafu kuwa aiki ne maganinsu, ko a buɗe rufin hanyar a bar ta ta warke daga ƙasa, ko a yanke wurin gaba ɗaya, wannan daban yake da tsagawar da na hana, kuma in jikinka mai yin tabo mai tudu ne ka faɗa kafin a taɓa ka. Ciwon da ya shekara da shekaru a ɗuwawu in ya canza kama, ya yi tauri ko tsiro ko yana jini, a duba shi da wuri, jefi-jefi yakan rikiɗe ya zama dajin fata.

Saura ibada da zaman aure. Akwai waɗanda suka daina zuwa jam'i saboda tunanin kayansu ba su da tsarki. Malaman Malikiyya sun daɗe da magana a kan wannan, fitar mugunya ko jini daga ƙurji ba ya karya alwala a wajensu, abin da maruru ya zubar da kansa ba matsa shi aka yi ba yana cikin abin da aka yi rangwame a kai, kuma ana shafa kan bandeji in cire shi zai cutar. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa yadda naka yake ya warware ma. Wanda za ka aura ko za ki aura gara ya ji daga bakinki kafin ya gani, a gaya masa sunan ciwon, ba ya yaɗuwa, ba ya hana haihuwa, yana tashi yana lafawa, in da hali ku je wajen likitan tare ya ji da kunnensa don gobe kar dangi su ce sanyi aka kawo musu gida. In kuma abin ya kai ka daina fita, ba ka bacci, kana jin rayuwar ta ishe ka, wannan ma ka faɗa wa likitan a zuwan da za ka yi, ciwon damuwa na yawan tafiya tare da HS kuma shi ma ana ba da maganinsa a asibitin.